Kacala ba ta karanta takardar Ramsar

Ƴan uwa matasa, yau maganar tabkunanmu nake so mu yi, kuma ba zan yi ta a kaikaice ba.

Tun 1987 Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare tabkuna da fadamu. Gandun dajin W ne farkon wurin da muka sa ciki. A 2005 aka ƙara Tabalak da Dan Dutsi a jihar Tawa, a 2019 aka ƙara Madarunfa da Gidimuni. Madalla. Amma fa takarda ba ta yanke ciyawa. A Gidimuni da wasu tabkunan ƙasar nan kacala na cin ruwa taki bayan taki, mu kuwa muna ta alfahari da suna a cikin jeri.

Wanda ya girma a birni zai ce ai ciyawa ce, mene ne abin tayar da hankali? To saurara. Kacala tana yaɗuwa ta hanya biyu: saiwarta na tafiya ƙarƙashin laka tana fitar da sabbin tsirrai, irinta kuma iska ke ɗauka kamar audugar rimi. Inda ta kafu, kwalekwale ba ya wucewa, taru ba ya shiga, shanu ba sa isa bakin ruwa. Tsuntsayen da saboda su aka kare wurin, dinya da kirinjijiya da baƙin da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi, sarari suke nema, ba duhuwa ba. Masu jin daɗin duhuwar su ne sauro, da dodon koɗi mai kawo tsagiya, da jan baki da ke kwana ciki ya wayi gari a gonar talaka.

Abin da ke ba ni haushi shi ne irin yaƙin da ake yi da ita. Proje ya zo da mota mai tambari, a tara mutane ƴan kwanaki, a sassare kan ciyawar, a cinna wuta, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto. Wallahi wannan an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Wuta ba ta kai ga saiwa. Kacala ta ganyenta take aika iska zuwa saiwa, shi ya sa sai an yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, sannan take shaƙewa. Kuma ba sau ɗaya ba: a yanke kafin ta yi iri, a dawo a sake, bana da baɗi. Wane proje ne ke da wannan haƙurin?

Masu cewa a fesa magani a huta, ina tambayarku: ruwan da mutane da dabbobi ke sha, ruwan da ake kamun kifi, shi za a zuba wa guba?

Mu duba maƙwabta. A Najeriya, bayan madatsun Tiga da Calawa sun canja tafiyar ruwa, kacala ta toshe magudanan fadamar Haɗeja da Nguru, manoma da masunta suka sha wuya. A kogin Senegal ma haka ta faru bayan madatsar Diyama ta 1986 ta hana ruwan gishiri shigowa. Amma can, a gefen Muritaniya, ƙauyuka sun koyi mayar da kacala gawayin girki. Mu da ke sare itatuwa kullum don a hura wuta a Maraɗi da Damagaram da Yamai, ba mu fi kowa bukatar wannan ba?

Ga abin da nake nema, kuma ina so ku nema tare da ni. Na ɗaya, yankan kacala ya shiga kasafin kowace komin da ke da tabki, kowace shekara, ba sai Bature ya tuna da mu ba. Na biyu, aikin ya zama na masunta da makiyaya da matan bakin tabki, tare da ma'aikatan gandun daji, a kuma bar su su ci moriyar abin da suka yanka: gawayi, tabarmi, jinkar ɗaki. Wanda ke samun na cefane a aiki ba ya jiran a kira shi. Na uku, duk projen da ya ce ya share tabki, a liƙa a ofishin magajin gari eka nawa aka share da kuɗi nawa, mu koma bayan shekara mu gani da idonmu.

Idan kai ɗan Gidimuni ne, ko Tabalak, ko Madarunfa, in ka je gida ka ɗauki hoton bakin tabkinku, ka tambayi tsofaffi inda ruwa yake tsayawa a da. Sannan ka kai tambayar gaban hukumar kominku: bana nawa aka ware wa tabki?