Wa Zai Buɗe Ƙofa Tsakanin Lisha Da Asuba?

A Sakkwato amsa uku muke da ita ga yaron da ƙwaya ta kama: a kai shi hannun hukumar NDLEA, a kai shi gidan mari, ko kuwa, in abu ya gagara, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Duka ukun da “a kai shi” suke farawa, wato sai an yaudare shi, ko an taru an danne shi an jefa mota. Kafin a kai nan kuwa, mun riga mun gindaya masa sharaɗi guda a gida da masallaci da majalisa: sai ya daina sha tukuna, sa’an nan ya cancanci a saurare shi. Ina ganin wannan sharaɗi yana cikin abubuwan da ke kai mana matasa kushewa, kuma masu kare shi da sunan tarbiyya ya kamata su tsaya su ƙirga abin da ya haifar.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi shaye-shaye a Nijeriya cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar baki ɗaya ba su kai 300 ba. Ko ɗan firamare ya san wannan lissafi ba ya fita. Da a ce kowane gado na Kware da na asibitin koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo za a ninka shi goma, da har yanzu yawancin mashaya suna nan inda suke: a zaure, a tasha, a bakin kasuwa, a ƙuryar ɗakin amarya.

Kuma rikicin ba ya jiran a buɗe ofis. Wanda ya saba da taramol, musamman mai lamba 225 da ake shigo da ita ta ɓarauniyar hanya alhali abin da likita ya sani 50 ne ko 100, in ya wuce kima jijjiga ce ke kayar da shi kamar mai farfaɗiya. In ya haɗa kodin da ƙwayar barci, numfashinsa ne ke raguwa har ya tsaya, mutanen gida suna cewa barci yake yi. In kuma aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa ƙwayar barcin da ya daɗe a kanta farat ɗaya, yankewar kanta tana iya jawo jijjigar da za ta halaka shi. Ga kuma wanda ba jikinsa ne ya gaza ba, zuciyarsa ce: ɗan gudun hijirar da ya baro Sabon Birni ko Isa bayan an kashe mahaifinsa a gabansa, yana haya da babur da rana, da dare ba ya iya runtsawa sai da ƙwaya, har ya kai ga tunanin gara ya huta gaba ɗaya. Irin wannan sa’a tsakanin lisha da asuba take zuwa. Kware na bayan gari, kuɗin mota babu. Wa zai ƙwanƙwasa wa ƙofa?

Doka ma ba ta ba shi ƙwarin gwiwar buɗe baki ba. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuffuka da Arewa ta gada tun 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Mu kuwa a farkon shekarar 2023 ce aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Abin yabo ne, amma takarda ba ta zama kusa da mutum da tsakar dare.

Gidan mari shi ne ya cike wannan gurbi, kuma ban yarda da masu zagin iyayen da ke kai ’ya’yansu can ba. Uwa ta sayar da akuyarta ta kai ɗanta inda aka ce za a karɓe shi yau, ba tare da kati ko layi ba, kuma da harshen da take ji. Sai dai mun ga abin da ke bayan ƙofar. A Satumban 2019 ’yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata mai bi aka sake ganin irin haka a Daura. Aka rufe gidaje, aka yi ta jawabi. Ba a tambayi inda uwar nan za ta nufa gobe ba. Haka aka yi da kodin a Mayun 2018, bayan rahoton BBC: aka haramta maganin tarin, aka bar mai tarin da ƙishirwarsa, ya koma kan abin da ya samu.

Abin da nake kira gare shi shi ne a sami masu sauraro a kowace unguwa, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, ’yan unguwar da kansu, maza da mata, har da waɗanda suka taɓa sha suka bari. A horar da su su san alamar numfashin da ke shirin tsayawa, su kwantar da wanda ya suma ta gefe, su hana a ɗura masa madara ko manja, su riƙe allurar naloksun mai farfaɗo da wanda dangin kodin suka danne wa numfashi. A koya musu su tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta shuka tunanin, sauƙi take kawowa. Su kawar da fiya-fiya da igiya daga ɗakin. Su zauna da shi har gari ya waye. Su san lokacin da abu ya fi ƙarfinsu, da lambar ma’aikacin jinyar da za su kira. Kuma su yi duk wannan ko da mutumin bai ce zai daina ba. Wanda ya rage daga ƙwaya goma zuwa huɗu, wanda ya bar haɗa biyu, wanda ya bar sha shi kaɗai a kango, ya yi tafiya. Wannan shi ake kira rage cutarwa.

Na san abin da za a ce: wannan ai ɗaure wa ɓarna gindi ne, kuma kayan Turawa ne. Na farko dai, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da ƙa’idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu idan babu makawa sai ɗaya, ita giya ma mataki-mataki aka haramta ta. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya ana yi masa haddi, da wani ya la’ance shi sai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ba wanda ya ce ƙwaya halal ce. Ana cewa ne mai rai shi ke tuba, kuma aikin mai sauraro shi ne ya tsare wannan rai har ranar tubar ta zo.

Batun kayan Turawa kuwa ya fi ba ni mamaki idan Basakkwace ya faɗe shi. A garin nan Nana Asma’u ta kafa ’Yan Taru, ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su isa ga matan da makaranta ba ta isa gare su ba. Ba ta jira matan su zo da ilminsu ba. Ta zaɓi dattijan da ake jin maganarsu, ta horar da su, suna dawowa gare ta da tambayoyi. Tsarin da nake nema ke nan, ba ƙari. A Aro ta Abekuta, tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyawa tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda majinyatan da bokaye da malaman addini suka kula da su tare da ma’aikatan asibiti suka fi samun sauƙi. A Harare, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Can Kanada ma, a lardin Biritish Kolombiya, inda ƙwaya ke kashe ’yan asalin ƙasar ninki biyar ko fiye da sauran jama’a, tun 2013 hukumar lafiyarsu tana hannunsu, dattijansu na cikin aikin, domin sun ga abin da baƙo ya tsara musu bai karɓe su ba.

Amma aikin ɗan unguwa yana da nasa ramin, kuma duk mai kishin abin dole ya leƙa shi. Sirri ne. A inda kowa ya san kakan kowa, yarinyar da ta faɗa wa maƙwabciya tana shan roci ta sa aurenta da na ƙannenta a hannun matar. Kalma ɗaya ta fita a gidan biki, aikin shekara biyar ya rushe. Saboda haka dole mai sauraro ya yi rantsuwar riƙe amana, a kore shi in ya karya, kuma a bar wa mai damuwa zaɓin zuwa wata unguwa. Dole mai unguwa da uban ƙasa da liman su tsaya masa, su kuma haƙura da sanin sunaye. Ranar da aka mayar da shi ɗan leƙen asirin ’yan sanda ko Hisba, ranar ce ta ƙarshe da wani zai ƙwanƙwasa masa.

Sai batun haƙƙinsa. Mun iya cewa “aikin Allah ne” idan ba mu son biya. Mutumin da zai kwana yana riƙe da hannun mai kuka, wani lokaci ya wayi gari ya bi gawarsa zuwa maƙabarta, yana bukatar albashi, da ranar hutu, da ƙwararre daga Kware ko asibitin koyarwa da zai zauna da shi duk mako ya sauke masa nasa nauyin. Wanda ya taɓa sha ya fi kowa bukatar wannan, don shi ma bakin rijiyar yake tsaye. Kuɗin da ake kashewa a taron wayar da kai guda a otal, da alluna da riguna da kuɗin zama, a auna shi da albashin mutum biyu a kowace mazaɓa ta Sakkwato ta Arewa da ta Kudu. Ma’aikatar lafiya ta jiha da hukumar zakka da waƙafi suna iya fara wannan a mazaɓu uku ko huɗu cikin kasafin baɗi, su ƙirga mutum nawa suka ƙwanƙwasa da dare, nawa aka kai asibiti da ƙafafunsu, nawa suka dawo karo na biyu.