Sauri Ya Haifi Nawa: Rige-Rigen Jihohin Amurka a Zaɓen Fid da Gwani

Tun da muka aro tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko daga Amurka a shekarar 1979, ba ɗalibin ilmin siyasa da bai haddace rabon iko tsakanin majalisa da kotu da fadar shugaba ba. Amma akwai wani abu da ba a cika koya mana ba, watau jadawalin ranakun zaɓen fid da gwani. Wani zai ce ai wannan aikin akawu ne. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne, wanda ya tsara ranakun ya riga ya yanke rabin hukuncin wanda zai iya tsayawa takara, kuma rige-rigen da jihohin Amurka suka daɗe suna yi na matso da ranakunsu gaba ya cuci ɗan takarar da ba shi da dukiya ko suna, ya kuma rage wa mai jefa ƙuri'a damar sake tunani.

Bari mu fara da yadda abin yake. Manyan jam'iyyun Amurka biyu, Dimokurat da Rifablikan, ba a rana ɗaya suke fid da ɗan takarar shugaban ƙasa ba. Kowace jiha tana da ranarta, inda ake zaɓen wakilan da za su je babban taron jam'iyya a watan Yuli ko Agusta. A dā jiga-jigan jam'iyya ne ke riƙe da yawancin wakilan nan. A 1968 Hubert Humphrey ya sami tikitin Dimokurat a taron Chicago ba tare da ya ci zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba, aka yi ta tarzoma a titunan birnin. Wannan ya sa aka gyara dokokin jam'iyya, daga 1972 ikon ya koma hannun masu ƙuri'a. Daga nan ne ranar zaɓe ta zama kadara.

Dalilin a fili yake. Jihar da ta riga saura, ita 'yan takara ke tarewa a cikinta wata da watanni, 'yan jarida su cika masaukanta, a yi wa manomanta alkawura. Wadda ta zo a ƙarshe kuwa sau da yawa sai ta tarar an riga an watse. Iowa da New Hampshire suka kame gaba, har New Hampshire ta kafa doka a 1975 don kada a riga ta. Sauran suka ga ba za su zauna a bar su a baya ba. Ran 8 ga Maris 1988 jihohin Kudu suka haɗa zaɓensu a rana guda, wadda ake kira Babbar Talata. Kalifoniya, wadda ta fi kowace jiha yawan jama'a, ta taso daga Yuni zuwa Maris a 1996. Abin ya kai matuƙa a 2008: Iowa ta yi nata ran 3 ga Janairu, sa'an nan ran 5 ga Fabrairu jihohi fiye da 20 suka yi nasu gaba ɗaya.

To, me wannan ke yi wa ɗan takara? Abu na farko, yana ƙwace masa lokaci, alhali lokaci shi ne jarin wanda ba shi da kuɗi. Mu dubi Jimmy Carter. A 1975 tsohon gwamnan Jojiya ne, manomin gyaɗa, wanda yawancin Amurkawa ba su san sunansa ba. Ya yi ta zagaya Iowa, yana kwana a gidajen magoya baya. Ran 19 ga Janairu 1976 ya zarce duk sauran 'yan takara a can. Daga nan sai da aka yi mako biyar kafin zaɓen New Hampshire, ran 24 ga Fabrairu, kuma zaɓuɓɓukan suka ci gaba bi da bi har Yuni. A wannan tsakanin ne nasara ta jawo suna, suna ya jawo gudummawa, gudummawa ta buɗe ofisoshi a jihohi na gaba. A 2008 kuwa kwana biyar kacal ne tsakanin Iowa da New Hampshire, sa'an nan mako huɗu kafin a fuskanci kusan rabin ƙasar a yini ɗaya. Ko da baƙon fuska ya yi abin mamaki a Iowa, yaushe zai tara kuɗin, ya ɗauki ma'aikata, ya sayi talla?

Abu na biyu ya biyo bayan na farko. Ba mai iya gaisawa hannu da hannu da mutanen jihohi 20 cikin mako huɗu. Sai talbijin, sai jirgin sama, sai ma'aikata a ko'ina, duka kuwa kuɗi ne, kuma tilas a tara su tun shekara guda kafin a jefa ƙuri'ar farko. Hausawa sun ce mai zurfin ido da wuri yake fara kuka. Tun 1976 gwamnatin Amurka take da tsarin tallafi, inda take ƙara wa ɗan takara daidai abin da mutum ya ba shi har zuwa dala 250, bisa sharaɗin ya yarda da iyakar abin da zai kashe. George W. Bush ya ƙi karɓar tallafin a zaɓen fid da gwani na 2000, John Kerry da Howard Dean suka bi sahu a 2004, don iyakar ba ta dace da tseren da ake yi ba. Sakamakon haka, masu ba da gudummawa su ke yin tankaɗe da rairaya kafin talakawa su ce uffan. Scott Walker ya janye a Satumba 2015, Kamala Harris a Disamba 2019, Mike Pence a Oktoba 2023, dukansu ba a kai ga jefa ƙuri'a ko ɗaya ba.

Abu na uku shi ne abin mamaki. Jihohin da suka matso don su rage wa Iowa da New Hampshire ƙarfi, ƙara musu suka yi. Idan zaɓuɓɓuka suka cunkushe, mai ƙuri'a ba shi da abin dubawa sai labarin wanda ya ci makon jiya. Kerry ya ci Iowa ran 19 ga Janairu 2004, ya ci New Hampshire, kafin ƙarshen makon farko na Maris magana ta ƙare. Rudy Giuliani, tsohon magajin garin New York, ya gwada tsallake jihohin farko a 2008 ya jira Florida; da ranar ta zo an riga an manta da shi, ya zo na uku, washegari ya janye.

Abu na huɗu, wanda ya fi damun mu, shi ne rufe ƙofar gyara. A 1968 zaɓen New Hampshire ran 12 ga Maris aka yi shi. Da aka ga raunin Shugaba Johnson, Robert Kennedy ya shiga takara bayan kwana huɗu, kuma da sauran fili a gabansa har ya ci Kalifoniya a Yuni. A 2024 kuwa, a daidai wannan rana ta 12 ga Maris, Shugaba Biden ya riga ya tara wakilan da yake bukata. Da rauninsa ya bayyana a muhawarar Yuni, ya janye ran 21 ga Yuli, babu sauran zaɓen da za a koma a tambayi jama'a. Aka tafi taro a Chicago da 'yar takarar da wakilai suka zaɓa. Ba jadawali kaɗai ya jawo haka ba, amma ya nuna abin da ke faruwa idan aka kulle ƙofa wata takwas kafin babban zaɓe.

Lalle masu goyon bayan matsowa suna da hujja, ba kuwa za mu raina ta ba. Iowa da New Hampshire ƙananan jihohi ne, kuma mafi yawan mutanensu farar fata ne. Da wane dalili za su riƙa zaɓar wa baƙar fatan Kudu da mazauna manyan birane? Har wa yau za su ce kuɗi ba ya sayen kome da kome: Michael Bloomberg ya kashe kimanin dala biliyan 1 daga aljihunsa a 2020, ya tsallake jihohi huɗu na farko, bai ci jiha ko ɗaya ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya kayar da shi Joe Biden ne, mutumin da ya yi shekara takwas yana mataimakin shugaban ƙasa. Cunkoson ranaku yana barin ƙofa biyu a buɗe, ta dukiya da ta suna, ya rufe ta ukun da Carter ya bi. Kukan rashin adalci kuwa maganinsa a sake waɗanda ke gaba, kamar yadda Dimokurat suka sa Carolina ta Kudu a farko a 2024.

Jihohin da suka fi zaƙewa ma ba su ji da daɗi ba. A 2008 Michigan da Florida suka karya dokar jam'iyya suka shiga Janairu. Dimokurat suka soke wakilansu, 'yan takara suka yi alkawarin ba za su yi yawon neman ƙuri'a a can ba, Barack Obama ya cire sunansa daga takardar zaɓen Michigan. A wannan shekarar takarar Obama da Hillary Clinton ta kai har Yuni, jihohin da suka yi haƙuri suka ga 'yan takara a ƙofar gidajensu. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Saboda haka muna ganin bai kamata a bar wa kowace jiha ta yi gaban kanta ba. A fara da 'yan ƙananan jihohi daga sassa daban-daban, a riƙa juya su duk bayan shekara huɗu, a bar makonni tsakanin zaɓe da zaɓe, a ajiye manyan jihohi zuwa ƙarshe don rinjaye ya kasance a hannun masu yawa bayan an ga kamun ludayin kowa.

Mu a nan hanyarmu daban ce, a 2022 wakilai ne suka taru suka gama a dare ɗaya ko biyu, kuma a wannan shekarar mun ga takardar neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar APC ta kai naira miliyan 100. Duk da haka darasin ya shafe mu. 'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, daga cikinmu ne za a sami masu zama a kwamiti su rubuta jadawalin zaɓe. In ranar ta zo, kafin mu sa hannu, mu tambayi kanmu: wane ne wannan jadawalin ya bari ya shigo, wane ne kuma ya bari a waje?