Kwana Biyu a Washington: Ina Ya Kamata a Fara?

Ra'ayinmu na wannan mako a kan yawon buɗe ido ne a Washington, babban birnin Amurka.

Da yawa daga masu zuwa can, burinsu su ɗauki hoto a gaban Fadar White House, sai su wuce kantuna. Mu dai muna ganin asarar lokaci ce. Daga bayan shinge za ka hango fadar, ka tafi ba ka ƙaru da komai ba.

In Asabar da Lahadi kaɗai gare ka, ka fara da gidajen tarihi na Smithsonian, domin shiga kyauta ne. A gidan tarihin jiragen sama akwai jirgin da 'yan uwan nan biyu, Wright, suka tashi da shi a 1903. Akwai kuma ɓangaren kumbon Apollo 11 da ya dawo da 'yan sama jannati daga duniyar wata a 1969.

Ranar Lahadi ka shiga gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka, wanda aka buɗe a 2016, ka ga yadda aka kwashi kakanninsu bayi daga Afirka. Da yamma ka taka zuwa wurin tunawa da Lincoln, inda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a 1963.

Wani zai ce mai hutu ba karatu ya je yi ba. Gaskiya ne, amma takalmi da jaka ana samunsu a kowace kasuwa. Jirgin 1903 kuwa guda ɗaya ne a duniya. Ai gani ya kori ji.