Kwamitocin makarantu a Yauri, Ngaski da Shanga: alƙaluma na tafiya Birnin Kebbi, ba sa dawowa

Kowace shekara ana ƙidayar makarantu. Hedimasta ya cike fom: yara nawa, malamai nawa, ajujuwa nawa, akwai ban-ɗaki ko babu. Fom ɗin ya wuce ofishin sakataren ilimi, daga nan Birnin Kebbi, daga can Abuja. Kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wato SBMC, wanda ke zaune da makarantar dare da rana, shi ne ba kasafai yake ganin sakamakon ba.

Ga shi kuwa nauyin kwamitin ya ƙaru. Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, kuma ta hannun waɗannan kwamitoci kuɗin gyaran makarantu ke bi. An danƙa wa mai unguwa da liman da wakiliyar mata kuɗi, amma ba su da ma'aunin da za su gane ko makarantarsu na gaba ko tana baya.

A Ingila, ma'aikatar ilimi na da shafin intanet inda kwamitin makaranta ke kwatanta kashe kuɗinsa da na makarantu masu kama da tasa. Maganar kamar nan ita ce gaɓar. In aka jera firamaren cikin garin Yelwa da ta wani tsibiri a tafkin Kainji, inda malami sai ya hau kwalekwale, ba a koyi komai ba, sai dai a kunyata na tsibiri. A haɗa makarantun bakin ruwa na Ngaski da takwarorinsu na Yauri da Shanga, sannan a duba. Me ya sa wannan ke riƙe ɗalibanta lokacin da ruwa ya cika ko lokacin su, waccan kuma ajinta ya koma kango? Wataƙila kwamitin ya sasanta da iyaye kan lokacin shiga aji. Wataƙila suna da jirgi. Wannan darasi ne da za a iya ɗauka a kai wani ƙauye.

Rajista kaɗai ma tana yaudara. Tun bayan sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, tsoro ya shiga lissafin iyaye a yankin, kuma suna na iya zama a littafi alhali yaron na gida. Halartar aji wata-wata ya kamata a riƙa kwatantawa.

Sannan a auna hukumar SUBEB da ofisoshin ilimi su ma: sau nawa jami'i ya ziyarci kowane kwamiti a zango, kwamiti nawa aka horar, kuma nawa ne daga cikinsu ke ƙetaren ruwa. Takarda shafi ɗaya da Hausa, wadda za a karanta a taron kwamiti a farkon kowane zango, ta isa a fara.