Maganar Hannu Ma Tana da Nahawunta

Duk wanda ya saba ratsa Kasuwar Kurmi a cikin birnin Kano ya taɓa ganin bebaye suna hira da hannu. Mutane da yawa sun ɗauka nuni ne kawai, irin wanda akan yi wa na nesa. Wannan zato kuskure ne. Maganar Hannu harshe ne mai cin gashin kansa, kuma wajibi ne a nazarci yadda take rarrabe ire-iren jumla.

A Hausar baka, "Audu ya zo" bayani ne, amma da an ɗaga murya sai ya koma tambaya. To, yaya wanda ba ya jin murya zai yi? Tun da William Stokoe ya nuna a 1960 cewa maganar hannun Amurka harshe ne, bincike ya tabbatar cewa a harsunan hannu da dama fuska da kai ne suke ɗaukar aikin murya. Ɗaga gira kan mai da bayani tambayar da ake amsawa da i ko a'a, girgiza kai kan kore jumla, tsananta motsi kuwa kan nuna umarni. Saboda haka, tafintan da ya zuba wa hannu ido kaɗai yana iya mai da "Ni na ɗauka?" ta zama "Ni na ɗauka" a gaban alƙali, tambaya ta koma amsa laifi.

Constanze Schmaling, wata Bajamushiya, ta yi bincike cikin bebayen Kano, ta kuma wallafa littafinta Maganar Hannu a 2000. Aikin ya fi ƙarfi a kan ƙirar alamomi da kalmomi. Fagen ginin jumla na jiran manazarta. Jinkiri kuwa yana da haɗari. Alamomin Amurka, waɗanda Andrew Foster ya shigo da su Nijeriya a 1960, sun sami gindin zama a makarantun kurame, har da ta Tudun Maliki da aka buɗe a 1977, alhali tsofaffin da suka gaji maganar gida suna ta ƙarewa.

Yadda M.K.M. Galadanci ya tsara nahawun Hausar baka a 1976, haka ya kamata ɗaliban wannan sashe su zauna da dattawan bebayen birni, su ɗauki hirarsu a bidiyo, su fitar da ƙa'idojin jumlolinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.