Idon Zakara: A Nuna Wa Yara

'Yan'uwana masu koyon malanta, akwai wani tsiro da ya kamata kowane malami ya nuna wa yaransa, watau idon zakara. Yaɗo ya ke yi, yana nannaɗe shinge. Ganyensa kamar na tsamiya, furensa kamar na wake. In kwanson ya bushe sai ya tsage, ka ga ƙwayoyi jajawur, kowace da ɗigon baƙi.

Mutanenmu na Agege da Abule Egba, can Ikko, suna ganinsa wurin masu magani. Yarbawa na kiransa oju ologbo, watau idon kyanwa. Ganyen da zaƙi, akan tauna shi don tari. Amma ƙwayar dafi gare ta. Guda ɗaya, in an tauna sosai, tana iya kashe yaro, kuma har yau ba a sami makarinta ba.

Ga shi yara na wasa da ita don kyanta. Saboda haka, a ganina, zane a allo bai isa ba. Mu kai su gindinsa, mu gargaɗe su kada su sa ta a baka. Wanda ya haɗiye, a garzaya da shi asibiti. Allah ya kiyaye.