Karatun Ƙwadago a Ƙetare da Haƙƙin Ma'aikacin Ƙofar Kwaya

Nazarin aiki da dangantakar ma'aikaci da mai ba da aiki fage ne da ya daɗe da kafuwa a jami'o'in duniya, amma har yanzu bai samu gindin zama ba a tunanin ɗaliban ƙasar Hausa masu neman digiri na biyu. Idan aka yi maganar fita waje karatu, hankali yakan tafi ga likitanci da injiniyanci da ilimin kwamfuta. Wanda ya ce zai tafi Jamus ko Afirka ta Kudu domin nazarin ƙwadago, tambayar da zai fara cin karo da ita ita ce wane aiki zai samu idan ya dawo. Ra'ayin wannan maƙala shi ne karatun ya cancanci a yi shi, kuma Katsina na da buƙatarsa, bisa sharaɗi guda: ɗalibi ya tafi da tambayoyin gida, ya kuma dawo da amsar da za ta yi wa ma'aikacin gida amfani.

Ya kamata a fara da bayanin abin da ake koyarwa. Fagen ya ƙunshi dokokin ƙwadago, da tattalin arzikin kasuwar aiki, da tarihin ƙungiyoyin ma'aikata, da dabarun ciniki tsakanin ƙungiya da hukuma, da hanyoyin sasanta rikici. Jami'ar Cornell ta Amurka ta buɗe makaranta sukutum domin wannan fage a 1945. A 1958 John Dunlop ya fitar da littafin da ya tsara fagen bisa rukunai uku, wato ma'aikata da masu ba da aiki da gwamnati, tsarin da ya yi daidai da yadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, take gudana tun kafuwarta a 1919. A 2004 aka fara wani shirin digiri na biyu a Kassel da Berlin na Jamus ƙarƙashin haɗin gwiwar da ake kira Global Labour University, wanda daga baya ya yi rassa a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, da Campinas ta Brazil, da Indiya, da Jami'ar Penn State ta Amurka. An tsara shi ne musamman domin 'yan ƙungiyoyin ƙwadago da masu bincike a kan haƙƙin ma'aikata. Cibiyar horarwa ta ILO da ke Turin a Italiya ita ma tana da irin wannan shiri.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda sunan Michael Imoudu ya shahara a cikinsa, ya ɗauki fiye da kwana arba'in. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Enugu. An kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, a 1978, kuma ɗaya daga cikin shugabanninta, Ayuba Wabba, ya jagoranci babbar ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ITUC, daga 2018 zuwa 2022. Arewa ma tana da nata kason, tun daga aikin tilas na ɗiban gwamna da aka yi a ma'adinan kuza na Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har zuwa masaƙun Kaduna da suka fara da KTL a 1957, suka tara dubban ma'aikata, sannan suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya a farkon wannan ƙarni.

Sai dai akwai wani giɓi da duk mai shirin tafiya ya kamata ya sani. Akasarin ra'o'in wannan fage an gina su ne a kan ma'aikacin masana'anta, mai takardar ɗaukar aiki da albashin wata da ƙungiya mai rajista. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya, inda hanyar Dutsin-ma ta fita daga birnin Katsina, ya dubi masu neman abinci a wurin, zai ga wani abu daban. Akwai direban Keke Napep da ke kai wa mai keke balas kowace yamma, da yaron shago da ke jiran ranar da maigidansa zai sallame shi da jari, da lebura da ke bin magini a biya shi kuɗin yini ko na jinga, da ɗan ga-ruwa, da ɗan dako, da yaron makanike da ke koyon sana'a ba tare da wa'adi a rubuce ba. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 'yan shekarun nan ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna cikin irin wannan rukuni ne, wanda ba ya cikin kundin hukuma.

Dokokin ƙasa ba su cika isa ga waɗannan mutane ba. A watan Yuli 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, amma dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga ko kamasho, da masu aikin gona na damina. Dokar ƙwadago ta tanadi a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, abin da yaron shago bai taɓa jin labarinsa ba. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, amma leburan da ya faɗo daga bene ya karye, abin da yake samu shi ne kuɗin ɗori da addu'ar Allah ya kiyaye gaba. Wannan shi ne abin da ke cikin batun: ƙafar mutum da abincin iyalinsa.

Daga nan ne masu suka suke kafa hujja. Suna cewa tunda ra'in Turawa bai san balas ba, bai kuma san barantaka ba, kashe kuɗi a kan koyonsa asara ce, musamman a lokacin da darajar naira ta faɗi har asusun TETFund ya dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025. Hujjar tana da nauyi, amma ba ta cika ba. Dalili na farko shi ne fagen kansa ya sauya. Tun a farkon shekarun 1970 binciken Keith Hart a unguwar Nima ta Accra da rahoton ILO a kan Kenya na 1972 suka shigo da batun ayyukan da ba na hukuma ba cikin muhawara, kuma a 2015 ILO ta zartar da Shawara ta 204 a kan yadda za a shigo da su ƙarƙashin kariyar doka. Dalili na biyu shi ne amfanin kwatance. Ɗalibin da ya zauna aji ɗaya da ɗan Indiya zai ji yadda ƙungiyar SEWA, wadda Ela Bhatt ta kafa a Ahmedabad a 1972, ta tara mata masu sana'ar hannu da talla har suka zama ƙungiyar ƙwadago mai banki nata. Wanda ya karanta hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 2021, da ya ce direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin lada, zai dawo da tambaya mai kaifi game da direban keke: shin ɗan haya ne, ko abokin tarayya, ko ma'aikaci? Amsar ita ce za ta fayyace wanda zai ɗauki nauyi idan an yi hatsari.

Abin takaici shi ne tambayoyin ƙasar Katsina sun daɗe da shiga littattafan duniya, amma ta hannun baƙi. Polly Hill ta yi bincikenta a Batagarawa, a kan wannan hanya ta Dutsin-ma, ta kuma fitar da Rural Hausa a 1972, inda ta yi bayanin gandu da ƙwadago da yadda talauci ke tilasta wa manomi barin gonarsa ya yi wa wani aiki a tsakiyar damina. Michael Watts ya yi aiki a Kaita kafin ya wallafa Silent Violence a 1983. Paul Lubeck ya nazarci leburorin masana'antun Kano da alaƙarsu da almajirci a littafinsa na 1986. Waɗannan ayyuka sun yi amfani, amma shekaru arba'in zuwa hamsin sun shuɗe a kansu. Rashin tsaro ya koro mutanen karkara zuwa birni, cin rani ya zama zaman dindindin ga da yawa, kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina ya koma hannun 'yan kasuwa, wayar hannu ta haifar da sababbin sana'o'i irin su POS. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ɗan gida da ya iya harshe, ya san abin da kunya ke hana yaro faɗa a gaban maigidansa, ya fi kowa cancantar sabunta wannan ilimi.

Akwai kuma dukiyar da ɗalibin Hausa zai iya kai wa ajin ƙetare, ba karɓa kawai ba. Al'ummar Hausa tana da tsarin sarautun sana'a, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa, waɗanda suke sasanta rikici tsakanin masu sana'a tun kafin zuwan kotun ma'aikata. Tana da gayya, tana da adashi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Katsina, kamar Risala da Muhtasar, suna da babin ijara, wanda ya sharɗanta a san lada a kuma san aiki ko wa'adinsa kafin a ƙulla yarjejeniya. Maigidan da ba zai saurari sashen wata dokar Turanci ba yana iya sauraron malaminsa idan ya gaya masa cewa riƙe yaro shekara bakwai ba tare da an ambaci ranar sallama ba jahilci ne a cikin ƙulli. Mai digirin da ya iya haɗa wannan da ƙa'idojin ILO ya fi wanda ya haddace ra'i kawai tasiri.

Saboda haka nauyi ya rataya a kan ɓangarori uku. Na farko ɗalibi: kafin ya cike takardar neman gurbi, ya zaɓi matsala takamaimiya, kamar tsarin balas ko sallamar yaran shago ko lafiyar leburorin gini, ya kuma nemi shirin da zai ba shi damar dawowa gida tattara bayanai. Na biyu makarantun da ke jere a kan hanyar Dutsin-ma, wato Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Alƙalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilimi ta Tarayya: su ƙulla alaƙa da cibiyoyin waje da kuma Cibiyar Nazarin Ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilorin, domin a riƙa yin rabin karatun a gida, abin da zai rage tsada ya kuma rage yawan masu tafiya ba dawowa. Sassan Hausa suna da rawa ta musamman a nan, domin har yanzu dokokin ƙwadago ba su da fassarar Hausa da ta yaɗu a hannun jama'a, kuma keɓaɓɓun kalmomin fagen suna jiran a daidaita su. Na uku ƙungiyoyin ƙwadago na jiha: su daina kallon kansu a matsayin na ma'aikatan gwamnati kaɗai, su ɗauki nauyin matasansu zuwa irin wannan karatu, su kuma buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin masu keke da magina da 'yan kasuwa.

Darajar digirin ƙwadago ba ta tsaya ga sunan jami'ar da ta bayar da shi ba. Za a auna ta ne da yarjejeniya mai shafi ɗaya, rubutacciya da Hausa, wadda maigida da yaronsa za su sa wa hannu a gaban shaidu, da asusun taimakon juna da zai biya kuɗin asibitin lebura, da hujjar da za a iya ajiyewa a gaban Majalisar Dokokin Jiha da alƙaluma na gaskiya. Idan karatun ya haifar da waɗannan, kuɗin da aka kashe bai tafi a banza ba.